Zamani Riga: Tufafin Mata a Filin Tanis, da Kayan Wasan 'Ya'yanmu a Gwarzo da Kabo

 

Shugaban wannan zama, wakilan iyayenmu hakimai, dagatai da masu unguwanni, malamanmu na addini, shugabannin makarantu da malaman motsa jiki na ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, iyayena mata da na hango sun cika layukan baya, da 'ya'yana ɗalibai, ina gaishe ku gaisuwar girma. Waɗanda suka yi sammako daga Getso da Lakwaya da Kutama, da waɗanda suka taso tun daga Garo da Durun da Gude, sannunku da hanya. Allah ya ba da ladan zumunci, ya mai da kowa gidansa lafiya.

An nemi in yi magana a kan tarihin tufafin da mata ke sawa a wasan tanis, da yadda yayin kayan wasanni yake sauyawa. Na san ba za a rasa wanda ya ga takardar gayyata ya ce, "To, mu ina ruwanmu da tanis? Taki muke nema." Da gaskiyarsa. Tanis ba wasanmu ba ne. Mai son ya gan shi sosai sai ya shiga birni, inda aka daɗe ana yin gasar Dala Hard Court, maza da mata daga sassan ƙasar nan suna zuwa Kano suna fafatawa. Amma akwai tambaya guda da ta bi matan tanis shekara ɗari da arba'in, kuma ita ce dai ke jiran kowane shugaban makarantar 'yan mata a yankin nan duk ranar da aka ce gobe gasar wasanni: wa ke yanke wa yarinya kayan da za ta yi gudu da su, kuma me ya duba da zai yanka? A kan wannan zan tsaya.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, mutum biyu ne, ko huɗu, raga a tsakaninsu, kowa riƙe da raket, suna buga wa juna ƙaramar ƙwallo a fili mai tsawon kusan mita 24. Wasa ɗaya yakan ci awa biyu, wani lokaci uku. Duk tsawon lokacin nan gudu ne da birki da juyawa da ɗaga hannu sama iyakar miƙewarsa. Ku riƙe wannan a zuci, sannan ku ji abin da aka sa wa mata su yi wannan aiki da shi.

Na farko: ɗaurin ciki da fararen kaya

Tanis na kan ciyawa a Ingila ya tashi. A 1874 wani tsohon hafsan soja, Manjo Walter Wingfield, ya yi wa wasan rajista, ya shiga sayar da kayansa a cikin akwati: raga, sanduna, raket da ƙwallaye. Masu saye su ne masu gidajen da ke da lambu da shimfiɗaɗɗiyar ciyawa, wato attajirai da masu sarauta. A irin waɗannan lambuna samari da 'yan mata kan haɗu da yamma, a sha shayi, a ɗan taɓa ƙwallo, iyaye na gefe suna lura da wa ya dace da wa. Don haka budurwa ba da kayan wasa take zuwa ba. Kwalliyar fita unguwa take ci.

Bari in lissafa muku abin da ke jikinta. Daga ciki akwai koset, abin ɗaure ciki da ake ƙarfafawa da tsinkayen ƙarfe ko na ƙashin wata dabbar teku, a ja igiyarsa ta baya har sai ƙugu ya tsuke. A kansa fatari, wani lokaci biyu ko uku. Sai doguwar riga mai nauyi har idon sawu, mai dogon hannu da wuya tsaye har maƙogwaro. Ta baya akan cusa wani tudu don rigar ta tashi. A ka kuma malafa. A cikin irin wannan shiga Maud Watson, tana da shekara 19, ta ci gasar mata ta farko a Wimbledon, babbar gasar tanis ta Ingila, a 1884, shekara bakwai bayan maza sun fara tasu. Mata 13 ne suka shiga, kuma yayarta Lilian ta doke a wasan ƙarshe.

Elizabeth Ryan, Ba'amurkiya da ta ci kofuna 19 a Wimbledon a wasan 'yan bibbiyu, ta ba da labarin cewa a ɗakin canza kaya na mata akwai wani ƙarfe da ake shanya koset a kai bayan wasa, kuma sau da yawa da jini a jikinsu, saboda tsinkayen sun soki masu su. Na ga 'yan matan layin gaba suna ƙunshe dariya. E, shi ne dai koset ɗin da teloli ke ɗinka wa amarenmu yanzu, wanda amarya kan wuni a cikinsa ranar dina, ga abinci a gabanta ba halin loma. Turawa sun yar da shi shekara ɗari da suka wuce, mu kuma muka tsince shi muka sa masa duwatsu. Amarya dai zaune take, da sauƙi. Waɗancan gudu suke yi.

Me ya sa fari? Dalili biyu. A wancan zamani abin kunya ne a ga shatin zufa a jikin mace 'yar gidan mutunci, kuma farin yadi ya fi ɓoye jiƙewa. Na biyu, fari shaidar wadata ne, kamar dai farar shadda a wajenmu: wanda ya sa ta ya fita da safe ya dawo da yamma ba ɗigon jar ƙasa, ka san ba daga gona yake ba, kuma akwai mai yi masa wanki da guga. Wato tun ranar farko ba a tambayi mai gudun ba. Idon 'yan kallo aka yi wa ɗinkin.

Akwai wadda ta tsira daga wannan, kuma ƙuruciya ce ta cece ta. Lottie Dod ta ci Wimbledon a 1887 tana da shekara 15. Da yake ana ganin ta yarinya 'yar makaranta, an bar ta ta sa siket da ya tsaya a ƙwauri. Ita tana tsalle-tsallenta, manyan mata suna fama da jan riga. Sau biyar ta ɗauki kofin, daga baya ta koma wasu wasannin, har ta samo lambar azurfa a harbin baka a gasar Olamfik ta 1908. A 1905 kuma May Sutton ta zo daga Amurka ta naɗe hannun rigarta saboda zafi, aka yi ta surutu don an ga tsintsiyar hannunta. Ta ci kofin ta tafi da shi, mace ta farko daga wajen Birtaniya da ta yi haka.

Na biyu: lokacin da masu wasa suka karɓi almakashi

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kwashe maza zuwa fagen fama, mata suka shiga masana'antu da tuƙin mota da jinya. Wadda ta wuni a gaban inji ba za ta koma wa fatari uku ba. Da aka dawo da gasar Wimbledon a 1919, sai ga wata Bafaranshiya 'yar shekara 20, Suzanne Lenglen, ta shigo fili da riga guda mara nauyi, mai gajeren hannu, iyakarta ƙwauri, ba koset. A wasan ƙarshe ta haɗu da Dorothea Lambert Chambers, mai shekara 40, wadda ta riga ta ci kofin sau bakwai, tana sanye da doguwar shigarta ta da. Sarki George na Biyar da matarsa suna zaune suna kallo. Aka tashi 10-8, 4-6, 9-7, Lenglen ta yi nasara.

A nan ina so a yi adalci, don masu ba da wannan labari kan mai da shi kamar riga ce ta ci wasan. Chambers, da shekarunta da nauyin kayanta, sau biyu tana kaiwa ga bugu ɗaya ya rage ta ɗauki kofin. Ƙwarewa ita ce gaba. Abin da sauƙin kaya ya ba Lenglen shi ne damar yin abin da ba a taɓa ganin mace ta yi ba: ta yi tsalle sama ta make ƙwallo, ta miƙa ƙafa iyakar tsawonta. Sau shida ta ci Wimbledon ita kaɗai. Wani shahararren mai zana tufafi a Paris, Jean Patou, ya riƙa yi mata ɗinki, ɗan ƙyallen da take ɗaurawa a goshi kuwa ya zama yayi har ga matan da ba su taɓa riƙe raket ba. Yau ɗaya daga manyan filayen gasar Faransa sunanta yake ɗauke da shi.

Daga nan abin ya yi sauri. Helen Wills ta kawo hular nan mai baki kawai don tare rana. A 1931 Lilí Álvarez 'yar Sifen ta sa siket da aka raba biyu kamar wando, ɗinkin Elsa Schiaparelli. Kafin tsakiyar shekarun 1930 Alice Marble da Helen Jacobs suna wasa da gajeren wando. Ko mun yarda da inda suka tsaya ko ba mu yarda ba, a wannan zango mai wasan ce ke cewa, "Wannan yana hana ni gudu, a cire."

Na uku: mai kyamara da ɗan kasuwa

Sai almakashin ya sake fita daga hannunta. A 1949 Ted Tinling, tela kuma ma'aikaci a Wimbledon, ya ɗinka wa Ba'amurkiya Gussie Moran gajeriyar riga da ɗan kamfai mai leshi a baki. Masu ɗaukar hoto suka riƙa kwanciya a ƙasa don su samu abin da suke nema. Ku gafarce ni, iyayena, haka tarihin yake. Moran ba ta ci kofin ba, amma hotonta ya fi na wadda ta ci yawo a jaridu. Hukumar Wimbledon ta fusata, Tinling ya rabu da wurin, bai koma musu aiki ba sai 1982, bayan shekara 33. To, ina tambaya: leshin nan ya ƙara mata gudu? Ya ƙara wa bugunta ƙarfi? Ko kusa. Jarida ya sayar.

Wannan shi ne abin da nake so 'yan matanmu su gane in suna kallon wasanni a waya. Ba duk gajarta ce ta zo don sauƙin motsi ba. Wata don talla aka yi ta. Da talabijin mai launi ta shigo, gasar Amurka ta buɗe ƙofa ga kaya masu launi a farkon shekarun 1970, kamfanoni irin su Adidas da Nike da Fila suka gane cewa jikin zakara allon talla ne da ke yawo da ƙafarsa. Yau manyan 'yan wasa da dama abin da suke samu daga kamfanonin kaya ya fi abin da suke ci a fili.

Ba na cewa zamanin bai kawo alheri ba. A 1957 Althea Gibson ta zama baƙar fata ta farko da ta ci Wimbledon ita kaɗai. A 1973 Billie Jean King ta jagoranci kafa ƙungiyar mata ƙwararrun 'yan tanis, ta doke namiji, Bobby Riggs, a birnin Houston a gaban dubban mutane, a shekarar kuma gasar Amurka ta daidaita kuɗin kyautar maza da mata. Wimbledon ba ta yi haka ba sai 2007. Amma a kan fari kam, maimakon ta sassauta, ƙara matsawa ta yi ta yi. Bayan Maria Bueno 'yar Birazil ta zo da riga mai shafin ruwan hoda daga ciki a 1962, aka rubuta dokar cewa fari ya rinjaya. A 1995 aka ce kusan duka fari. A 2014 dokar ta kai har ga kayan ciki, kuma duk wani layin launi kada faɗinsa ya wuce santimita ɗaya. Ku duba fa, manyan mutane da abin awo suna bin bakin siket.

Na huɗu: yau masu wasa rufi suke nema

Nan ne labarin ya juya, kuma nan ne ya fi kusa da mu. Mutane da yawa sun ɗauka tarihin kayan wasa hanya ɗaya ya miƙe, daga dogo zuwa gajere. Shekarun nan na baya sun ƙaryata haka.

Serena Williams, mai manyan kofuna 23, ta haihu a watan Satumba na 2017, ta sha fama da daskarewar jini a jijiya har ta kusa rasa ranta. Da ta dawo gasar Faransa a 2018 sai ta sa baƙar shiga mai kama jiki da ta rufe ta har idon sawu, don matsin yana taimaka wa gudun jini. Shugaban hukumar tanis ta Faransa na lokacin, Bernard Giudicelli, ya ce ba za a sake yarda da irin wannan ba. Mace ta rufe ƙafafunta don lafiyarta, aka ce ba ta girmama wasa ba! Daga 2019 ƙungiyar mata ƙwararrun 'yan tanis ta fito fili ta halatta dogon wando mai kama jiki ko ba siket a kai.

A 2021 'yan wasan ƙwallon hannu na bakin teku na ƙasar Norwe suka ƙi sa ɗan kamfan da doka ta wajabta musu, suka sa gajeren wando irin na maza. Aka ci su tarar Yuro 1,500. Duniya ta yi ca, kafin shekara ta ƙare aka sauya dokar. A wannan shekarar dai, a gasar Olamfik ta Tokyo, 'yan wasan alkafura mata na Jamus suka fito da shigar da ta rufe ƙafa gaba ɗaya, suka ce sun gaji da kallon da ake yi musu. Sai kuma maganar da mu mata muka fi kowa sanin nauyinta. Iyayena maza, a yi mini afuwa. Mace tana cikin al'adarta, an tilasta mata fari tun daga ciki, ga kyamarori ta ko'ina. Wane wasa za ta yi da natsuwa? Shekara da shekaru 'yan tanis suna haɗiye wannan, sai a 2023 Wimbledon ta yarda su sa gajeren wando mai duhu a ƙarƙashin siket. A shekarar ce kuma 'yan ƙwallon ƙafa mata na Ingila suka bar farin wando suka koma shuɗi.

Ga kuma 'yan'uwanmu Musulmi. Sania Mirza ta Indiya ta sha suka daga wasu malamai a 2005 saboda gajeren siket. Ta ɗaya ɓangaren kuma, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta hana hijabi a 2007, har a 2011 aka hana matan Iran buga wasansu da Jodan na neman zuwa Olamfik. Hujjar da aka kafa ita ce hatsari: wai za a iya fizgo hijabin ya shaƙe mai shi. Me ya kashe wannan hujja? Ɗinki. Masu zana tufafi a Holan da Kanada suka fito da hijabin da ba allura, wanda in an fizge shi yake ɓallewa da kansa. Yarima Ali bin Al Hussein na Jodan ya kai maganar gaban masu dokar ƙwallo, aka fara gwaji a 2012, aka halatta a 2014. Hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta biyo baya a 2017. A Olamfik ta 2016 Ibtihaj Muhammad ta samo wa Amurka lambar tagulla a wasan takobi da hijabinta, Doaa Elghobashy ta Masar ta buga ƙwallon raga ta bakin teku da dogon wando da dogon hannu da kanta a rufe. A Tokyo Feryal Abdelaziz ta ɗauko wa Masar zinare a karate. A 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta zama ta farko da ta buga Gasar Kofin Duniya ta ƙwallon ƙafa ta manyan mata da hijabi. Ba a gama ba dai, don Faransa ta hana nata 'yan wasan sa shi a Olamfik ɗin da ta karɓi baƙunci a 2024.

Ni a ganina wanda ya ɗaure mace da koset da wanda ya ci tararta don ta ƙi ɗan kamfai hali ɗaya gare su. Dukansu sun yanke hukunci suna zaune a inuwa, ita tana cikin rana.

Na biyar: maza ma ba su tsira ba

A gurguje, kada samarin da ke bakin taga su ɗauka su ba ruwansu. Maza ma da dogon farin wando suke buga tanis har farkon shekarun 1930, lokacin da Bunny Austin na Ingila ya yanke nasa. Rigar nan mai kwala da ɗan kada a ƙirji, wadda kuke tsinta a gwanjon Ƙofar Wambai, ɗan tanis ne ya ƙirƙiro ta, René Lacoste na Faransa, don ya gaji da doguwar riga mai sitaci. Wandon 'yan ƙwallo na shekarun 1980 ɗan guntu ne, a shekarun 1990 ya sauko gwiwa. Maƙwabtanmu Kamaru sun ci Kofin Afirka a Mali a 2002 da riga mara hannu, FIFA ta ce ba za a shiga Kofin Duniya da ita ba. A gida ma, dattawan da ke nan sun ga 'yan dambe da warki da layu. Yau gajeren wandon kanti suke sawa, kara ce kawai ta rage a hannu.

Na shida: mu dawo gida

Shigar matan Hausawa ma ba a tsaye take ba. Kakanninmu sun yi gaɗa a dandali da zane ɗaurin ƙirji, kuma duk wadda ta taɓa faɗawa hannun ƙawayenta suka cilla ta sama ta dira, ta san gaɗa motsa jiki ce ta gaske. Iyayenmu sun yi zamanin kallabi da gyale. Ɗinkakken hijabin nan da muka saba da shi ya bazu ne tun daga wajajen 1980, tare da yawaitar makarantun Islamiyya, a 2003 kuma gwamnatin Kano ta sanya shi cikin kayan makarantar 'yan mata a makarantunta. Riga da wando da hijabi: shiga ce ta mutunci, kuma ta dace da zaman aji. Sai dai da aka tsara ta ba a tuna da fili ba.

Ku je kowace makarantar 'yan mata ranar gasar gidaje ku tsaya kusa da layin tashi na tseren mita 100. Za ku ga wata ta tattare jelar hijabinta ta ƙulle a ƙugu, wata ta cije gefensa da haƙori, wata ta zura silifas ɗinta a hannu don ƙasa ta fi su riƙo. Ana busa usur, iska ta cika hijabin ta baya tana jan yarinya, ɗaya hannun yana gudu, ɗayan yana dafe da kai kada a ga gashi. A tseren miƙa sanda, sandar kan shige cikin yadi, kafin a lalubo ta an wuce. A dogon tsalle abin ya fi ban tausayi, don doka ta ce daga shatin da ya fi kusa da wurin tashi ake awo, ko jiki ne ya yi shi ko abin da ke jikin. Yarinya ta dira nesa, jelar hijabi ta shafi yashi a bayanta, an cinye mata taku guda. Sannan a ce 'yan matanmu ba su da gudu. Ga yadin roba mai kauri a zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40. Wadda ta sha wannan sau ɗaya, baɗi sai ta ce cikinta ke ciwo, ta koma gindin darbejiya tana tafa wa wasu.

Ba na kiran kowa ya kwaikwayi siket ɗin Wimbledon. Ba tarbiyyarmu ba ce, kuma kun ji masu shi ma suna neman tsira da shi. Amma ban yarda a ce mafita ita ce yarinya ta zauna ba. Malamai suna nan, sun fi ni sani: Abu Dawud ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi tseren gudu da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ta wuce shi, bayan wasu shekaru suka sake, ya wuce ta. Likitoci kuma kullum suna faɗa mana hawan jini da ciwon suga suna bin wanda ba ya motsi, kuma wa ya kai matan aurenmu zama wuri ɗaya? Wadda ba ta saba motsa jiki tana 'yar shekara 13 ba, da wuya ta fara tana da 'ya'ya biyar.

Aikin na tela ne, kuma telolin muna da su, a bakin kasuwar Gwarzo, a Getso, a Kabo, da cikin gidaje inda mata ke taka keke. Samfurin ma ba sai mun aro ba. Wando mai kamun ƙafa da mahayanmu ke sawa, mai yalwa a sama ya tsuke a idon sawu, an yi shi ne don ƙafa ta buɗe ba tare da yadi ya harɗe ta ba. A rage masa yalwa, a yi shi da launi mai duhu saboda dalilin da na ambata ɗazu. A ɗora riga mai dogon hannu da ta kai gwiwa, da tsaga a gefe biyu, da ƙari a hammata don hannu ya ɗagu. Hijabin ya zama ƙarami mai roba, wanda ya rufe kai da wuya da ƙirji, a cusa bakinsa cikin wuyan riga, ba allura ko ɗaya. Launin gida, ja ne ko kore ko shuɗi ko ɗorawa, sai ya tafi a riga. Yadin kuma a nemi mai auduga a ciki wanda ke shan zufa. Abin kunya ne yankin da ke maƙwabtaka da ƙasar auduga ta Malumfashi da Funtuwa ya dafa 'ya'yansa a cikin leda. Akwai kuma maganar abin da ke tallafe ƙirji, wadda ke korar 'yan mata da yawa daga fili da zarar sun fara girma. Wannan na bar ta sai zamanmu na mata zalla bayan an tashi.

Sharaɗi ɗaya nake roƙo, shugabannin makarantu. Kafin ku ba da kwangilar ɗinki, a ɗinka kala uku ko huɗu na gwaji, a ba 'yan matan da suka fi gudu su sa, su yi tsere, su yi tsalle, su buga ƙwallon raga, a gaban malamai mata da iyaye mata. Sannan a zaunar da su a tambaye su ina ya matse, ina ya ɗage, ina ya yi zafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Malamanmu na addini su duba su ce suturar ta cika ko da saura, tela ya gyara. Iyaye kuma, in an ce a kawo kuɗin kayan wasa, a tuna da ta mace kamar yadda ake tunawa da rigar Barcelona ta ɗan'uwanta. Filin tanis yana da tsada, na sani. Teburin ƙwallon tebur kuwa kafinta zai haɗa shi, magini ma zai zuba na siminti a cikin katangar makaranta, kuma da wannan wasa Funke Oshonaike ta wakilci Nijeriya a Olamfik har sau bakwai. Ina roƙon a samu ko makaranta biyu, ɗaya a Gwarzo ɗaya a Kabo, su gwada wannan ɗinki kafin gasar gidaje mai zuwa.

Shugaba, na ga ana ɗago mini agogo.   Yanzu fili naku ne, mai tambaya ko gyara ya ɗaga hannu. Ina roƙon a fara ba ɗalibai mata dama, sai teloli in akwai su a cikin zauren nan, sannan sauran jama'a.